Ƙafar Mai Taksi

Ba na tsoron mota. Da wannan zan fara, domin tsoro suka ce ina ji, a gaban mutane, da lasifika, kuma har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗau zafi.

Ni 'yar Briqueterie ce, Birik in ji mu. Babana direban taksi ne. Tun ban yi wayo ba yake zagaya Yaoundé da wata 'yar ƙaramar mota ruwan ɗorawa wadda ta girme ni. Shekarar da na faɗi jarrabawar probatoire karo na biyu na ce na gaji da lise, wato sakandare, a shekarar ce ciwon suga ya cinye masa ƙarfin ƙafar hagu, kuloci ya gagare shi. Ya gwada direbobi biyu, kowanne ya dawo masa da motar tana kuka. Wata safiya ya dube ni ya ce, "Uwata, zo ki zauna nan." Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Na zauna, na koya, na yi permi, wato lasisin tuƙi. Daga nan kullum ni ce a sitiyari, shi yana kujerar gefe da hularsa da sandarsa, yana tuƙi da baki.

Unguwa ta yi magana, mana. Telolin layinmu suka riƙa tsayar da keken ɗinki suna leƙowa, masu soya, tsiren garinmu, suna dariya cikin hayaƙi. Wata biyu suka gaji. Ba labarinsu nake ba.

Wanda bai san taksin garinmu ba sai na yi masa bayani. A nan mutum yana tsayawa ne a bakin titi yana fuskantar motoci. Kai direba ka rage gudu, ka kawo masa taga kusa, shi kuma ya jefo maka unguwar da za shi da abin da zai biya, a numfashi ɗaya: "Messa, ɗari uku!" In hanyarka ce ka danna ham sau ɗaya ya shigo. In ba ita ba ce ka wuce, ko kallonsa ba ka yi. Biyu a gaba, uku a baya, mota ta cika. Wannan Baba ya fara koya min tun kafin ribas. Duk wanda ya tsaya yana kallon titi fasinja ne. In na wuce mutum ɗaya ban rage ba sai ya buga tafinsa a gaban motar ya ce, "Ɗaga ƙafa! Abincinki ne kika wuce!" Shekara uku ina shan wannan bugun, har ya daina bugawa don babu buƙata.

Wata Lahadi da safe a Elig-Edzoa wani mutum mai furfura a gemu ya tare mu, da hular kwano a hannunsa. Ya ce depo yake so, wato shi kaɗai, mu kai shi bayan gari. Muka kai shi wani ƙaton filin kwalta na wata ma'ajiyar kaya da aka rufe. Kafin mu shiga na ji kukan taya. An jera robobi masu tsini ruwan lemo, irin na 'yan aikin titi, su suna ce musu kon. Mota ɗaya ce ke shiga a lokaci guda, ta bi tsakaninsu, dama, hagu, dama, ta sha kwana, ta dawo, agogo yana ƙirga mata. Babu wanda kake tsere da shi sai agogon. Ka kayar da kon ɗaya a ƙara maka sakan biyu. Ba motocin tsere ba ne, motocin gida ne na mutane.

Na tambayi mai furfurar, da Faransanci, don ba ya jin Hausa, ko kowa yana iya shiga. Ya ce duk mai permi da mota mai lafiya, kuma shi ne ke duba motocin. Na kalli filin na ce a raina, wannan ai kasuwar Mokolo ce ranar da babu kowa. Ni da nake kurɗawa tsakanin masu babur da masu baro da matan kifi kullum ta Allah, roba da ba ta motsi ce za ta ba ni wahala?

Mako uku ina damun Baba. Inna ta ce tayoyin da muke ci da su zan je in goge a kwalta don wasa. Rannan dai Baba ya ce, "Lahadi ɗaya." Na san shi ma so yake ya gani.

Da muka shiga filin da taksi sai kowa ya juyo. Wani ya ɗaga hannu ya ce, "Taksi! Bastos!" aka yi dariya. Ban kula ba, na saba.

Mai duba motoci ya gane ni, ya gaida Baba da hannu biyu. Ya girgiza tayoyi, ya taka birki, ya taɓa batir ya ji a ɗaure yake. Sai ya ce a fitar da duk abin da ba a ɗaure ba, don kada ya mirgino ƙarƙashin birki. Na fara fitarwa. Darduma, buta, jarkar ruwa, akwatin sifana, igiyar ɗaure kaya, matashin da nake sawa a bayana, takalmin wani jariri ƙafa ɗaya da aka manta tun bara, carbin da ke rataye a madubi, har tabarmin ƙafa. Muka tara tuli a gindin katanga. Abu na ƙarshe da aka fitar Baba ne. Hular kwanon aro ɗaya ce a filin, kuma ba a shiga babu ita. Ya sauka da sandarsa ya zauna a kan darduma kusa da tulin. Na leƙa cikin motar. Tunda nake ban taɓa ganinta wayam haka ba.

Sai ga shugabansu. Ƙaton mutum ne, da farin wando, da lasifikar hannu da ba ya ajiyewa ko da kai kaɗai yake wa magana. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya dubi hijabina, ya dubi permina gaba da baya kamar ɗan sanda.

"Madam taksi," ya ce, "nan ba Birik ba ce. Muna da doka. Sabon direba gudu uku yake da shi. In bai sauko ƙasa da sakan saba'in ba, sunansa ba ya shiga takardar direbobi. Sai ya yi wata shida yana tsince mana kon, ya koya da ido."

Na dubi mai duba motoci. Ya sunkuyar da kai yana goge hannu da tsumma. Nan na gane dokar ba ta fi minti biyu da haihuwa ba.

Akwai wani sabo ban da ni a ranar, wani saurayi ɗan Bastos, unguwar masu kuɗi, da baƙar mota mai sheƙi, har da safar hannu. Na nuna shi na ce, "Shi ma?"

"Shi ya yi makarantar tuƙi a waje."

"To ai saba'in ba zai yi masa wuya ba. A faɗa masa."

"Ma fille," ya ce, "ki ji da kanki."

Wai 'yata, ni kuwa ba 'yarsa ba ce. Ubana yana zaune a kan darduma taku goma daga wurin. Amma na haɗiye, domin sunana nake so a takardar nan. Na san in na fita ba a rubuta ba, babu wata Lahadi ta biyu. Inna ba za ta bar ni in riƙa zuwa bayan gari ina tsince wa maza roba ba, ni ma ba zan yi ba.

Kafin a fara, kowa sai ya bi hanyar da ƙafa. Mutane suna tafe a hankali, suna tsayawa, suna tsugunawa suna hango kon na gaba, wani har yana murza sitiyarin iska. Ni minti biyar na gama. Jere na kon shida, doguwar kwana, ƙofa, ƙofa, juyawa, miƙaƙƙiya, kwana ta ƙarshe kusa da igiyar 'yan kallo. Na riƙe. Abin da ban kula da shi ba shi ne wurare huɗu da masu tsince kon ke tsayawa a gefen hanya. Me zai sa in kula? Ba sa cikin hanya.

Hular aron tana warin zufar mutum ɗari. Na danna ta a kan hijabi, na ɗaure. Aka sauke tuta.

Wallahi na ji daɗin gudun farko. Motar da babu kaya ta zama wata yarinya, ko'ina na ce ta bi sai ta bi. Ban taɓa kon ko ɗaya ba. Na fito ina jiran in ji sittin da wani abu.

"Tamanin da ɗaya!" in ji lasifika. "Babu kon ko ɗaya, ku tafa wa madam, ta gaida kowanne ta tambaye shi iyali. Kada ki ji tsoro, ma fille, ba sa cizo!"

Aka yi dariya. Na zauna cikin motar. Tamanin da ɗaya? Ta ina? Ban ji na tsaya ko'ina ba.

A wasan nan in ka gama gudunka sai ka je ka yi wa wasu aiki. Aka ba ni wuri kusa da jeren kon shida, cikin rana. Ɗan Bastos ya shigo kamar an koro shi, ya kwashe huɗu, ɗaya har ya maƙale ƙarƙashin motarsa ya ja shi zuwa ƙarshe. Ni na bi su da gudu, na ɗauko, na mayar da kowanne cikin zanen allinsa. Saba'in da huɗu da kon huɗu, tamanin da biyu ke nan, ya fi ni muni. Lasifika ta ce, "Ga zuciya! Haka ake farawa!" Shi zuciya gare shi. Ni kuma tsoro.

Wasu suka zo da shawara, kowa da tasa. Wannan ya ce in rage iskar taya, wancan ya ce in ƙara. Wani dattijo mai gilashi ya ce mata suna da saurin taka birki, halitta ce, ba laifina ba ne. Na ce masa in halitta ce ya zo Mokolo gobe da ƙarfe bakwai ya fitar da motarsa daga gaban masu doya zuwa Messa babu ƙwarzane, sai mu yi maganar halitta. Ya ce 'yan Birik ba mu da ladabi. Na ce a'a, ni kaɗai ce, kada ya shafa wa sauran.

Gudu na biyu da fushi na shiga. Na ce tunda zuciya suke so za su gani. Na taka totur har ƙasa, na shiga jeren da ƙarfi fiye da kima, bayan motar ya zame, na doke kon biyu na ji su suna buga ƙasan mota. Ban rage ba. Na fito ina huci.

"Saba'in da shida, kon biyu, tamanin!"

Amma ba wannan ake wa dariya ba. Filin gaba ɗaya ya ɗauka: "Pim! Pim!" Masu tsince kon suna riƙe ciki. Wai na danna ham a tsakiyar gudu. Na rantse ban danna ba. Wata mata da ke ɗaukar hoto da waya ta nuna min, ga shi nan, daidai lokacin da na zo kusa da wani mai jar riga, pim. Shugaba ya ce da lasifika, "Madam tana roƙon kon ya ba ta hanya. Tsoro ba kunya ba ne, ma fille. Saura ɗaya."

Na cire hular na jefa a kujera, na nufi katanga. Na fara kwasar kayanmu, buta, jarka, igiya.

"Tashi mu tafi, Baba."

Bai motsa ba. Yana jan carbin da aka ciro daga madubi, kuma na ga gemunsa yana rawa.

"Kai ma dariyar kake?"

"Ajiye butar, Uwata."

"Ba zan ajiye ba. Agogonsu na ƙarya ne. Sun shirya ne tun farko."

"Dokar ta ƙarya ce. Agogon gaskiya yake faɗa. Sau huɗu kika ɗaga ƙafa."

"Ban ɗaga ba."

"Ni za ki faɗa wa? Shekara nawa ina jin injin nan? Daga nan nake ji yana sauke numfashi. Gudun farko sau huɗu, na biyu sau huɗu. Wurin mai jar riga. Wurin dogon can mai hula. Wurin biyun da ke tsaye tare, nan ma kin fi daɗewa, don biyu ne. Sai wurin igiya." Ya nuna su ɗaya bayan ɗaya da sandarsa. "Dube su da kyau. Yaya suke tsaye?"

Na duba. Kowannensu yana tsaye a gefen hanya, yana fuskantar motar da ke zuwa, ya ɗan miƙo wuya.

"Fasinja kike nema," in ji Baba. "Har kina karkato musu taga. Mai jar rigar kin ma amsa masa."

Nan na gane. Sai fushin ya juyo kan Baba gaba ɗaya.

"Kai ka sa min wannan! Shekara uku, ɗaga ƙafa, ɗaga ƙafa, har ƙafar ta daina tambayata! Ga shi yanzu an mai da ni abin dariya, ana ce min matsoraciya a lasifika, kana zaune kana jan carbi!"

Wasu suka juyo. A Birik da na yi wa ubana wannan muryar da labari ya riga ni isa gida. Baba bai ko ɗaga gira ba.

"Ni na sa," ya ce. "Da shi kika ci tuwo jiya. Kin gama?"

"Ban gama ba."

"Ki gama a hanya. Amsa min wannan. Yaushe ne ba kya kallon bakin titi?"

"Kullum ina kallo."

"Ƙarya ne. Daga Mokolo zuwa Elig-Edzoa jiya da azahar, wa kika gani?"

"Ai mota a cike take."

"Ina kike kallo?"

"Gaba. Can gaba, in ga ta inda zan fita."

"To. Sun kwashe miki komai, har ni, sun ba ki mota wayam. Taksi wayam farauta take yi, ba ta san wani abu ba. Cika ta."

"Da wa? Hula ɗaya ce."

"Wa ya ce miki masu hula?" Ya fara lissafawa da yatsa. "Matar nan mai kwandon kifi da ke cinye kujera ɗaya da rabi, sa ta a baya ta dama. Jandarman da ke barci, a tsakiya. Malamar makarantar da kullum take makara tana duba agogo, ta hagu. Gaba, ni, sai tsohon nan mai tari da ke danne min ƙafa. Biyar. Akwai wuri?"

"Baba, wannan wasan yara ne."

"Robar da kike zagayawa fa, aikin manya ne? Akwai wuri ko babu?"

"Babu."

"Je ki."

Na tafi ina ƙunƙuni, don ban yarda ba. Amma ba ni da wata dabara, kuma gudu ɗaya ya rage. Kafin a kira ni na roƙi mai duba motoci ya nuna min inda ake kallo a jeren kon shida. Ya ce kada in kalli wanda nake zagayawa, in kalli na uku a gaba. Abin da ya kamata in tsaya in koya ke nan da safe, lokacin da nake sauri ina raina masu tsugunawa.

Na sa hular. A layin farawa na rufe ido na shigar da su. Na ji motar ta sunkuya ta dama da matar kifi ta zauna, har warin na ji, ko da yake ina jin na hular ne. Jandarma ya jingina kai. Malama ta ce, "Madam, don Allah, na makara." Tsohon ya yi tari. Na ce a fili, "Ta cika." Mai tuta ya dube ni, ya sauke.

Ban san yadda zan faɗi wannan ba tare da ƙari ba. Idona ya tashi daga gefen hanya ya tafi gaba da kansa. Kon na uku nake gani, hannuna yana gamawa da na farko. Mai jar riga ya wuce ta gefen ido kamar turken lantarki. A doguwar kwana na ji tayoyin suna kuka, ban ɗaga ba. Ƙofa ta biyu na shige ta a matse, na ji tas a baya ta hagu, na san kon ɗaya ya tafi, sakan biyu. Malama ta ce na makara. Na wuce mutum biyun nan ko ƙirga su ban yi ba. Juyawa, miƙaƙƙiya, giya ta biyu tana ihu har ƙarshenta.

Saura kwanar ƙarshe, wurin igiya. Ina hango fita sai na ga farar hula. Baba ne. Ya taso da sandarsa tun daga katanga, ya zo ya tsaya a bayan igiya, gaban kowa, ya fuskanci motar, ya miƙo wuya. Da na zo daidai shi ya ɗaga yatsa ya kwarara murya:

"Birik! Ɗari uku!"

Ƙafata ta motsa. Na ji ta, ta fara tasowa ita kaɗai, ubana ne tsaye a rana da ƙafa mai ciwo yana neman mota zuwa gida. Na daka mata tsawa cikin hular, "Ta cika!" na danne ta, na wuce shi.

Na tsaya bayan layi. Lasifika ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo har mai duba motoci ya taka zuwa teburin ya leƙa agogon da kansa, ya faɗa da bakinsa babu lasifika: sittin da bakwai da ɗigo huɗu, kon ɗaya, sittin da tara da ɗigo huɗu.

Mutane suka yi tafi, har da dattijon halitta. Sai shugaba ya ɗaga lasifikarsa.

"Kun gani? Kun ga amfanin doka? Da ban matsa mata ba da har yanzu tana rawar jiki. Yau mun cire wa madam tsoro!"

Aka sake tafawa, wannan karon shi ake wa.

Na fito daga motar ban cire hular ba, na tafi teburin. Takardar direbobi tana nan, sunan ɗan Bastos an rubuta tun safe, shi da mafi kyawun gudunsa a ranar saba'in da bakwai ne. Na ce a ba ni biro. Shugaba ya ce sakatare ne ke rubutawa. Na zare biron daga aljihun rigarsa na rubuta sunana da manyan baƙaƙe, da na ubana, ya cinye layi biyu. Na ce masa, a hankali, don kada ya ce bai ji ba: "Ban ji tsoro ba, ko sau ɗaya. Ba ka san abin da ya same ni ba, ba ka kuma tambaya ba. Ni ba 'yarka ba ce. Wata mai zuwa in wata mace ta zo, ina nan tsaye zan ji ko dokar tana nan."

Ya yi dariya ya ce wa na kusa da shi 'yan Birik akwai zafin kai. Bai ba ni haƙuri ba, har yau bai ba ni ba. Ina zuwa duk wata, na sayi hulata, na sauko sittin da biyu a irin wannan hanyar, kuma duk baƙon da ya zo sai ya nuna ni ya ce ga wadda ya cire wa tsoro. Dokar saba'in kuwa ban sake jin ta ba.

Muka mayar da kaya cikin mota, darduma, buta, takalmin jariri. Baba ya rataye carbinsa ya zauna yana tausa gwiwa, tafiyar nan zuwa igiya ta taɓa shi. Sai da muka hau titi na yi magana.

"Saura kaɗan ka kayar da ni."

"Na sani."

"Da na ɗaga fa?"

"Da na shiga kin kai ni gida. Rana ta dame ni."

Ban yi dariya ba sai da muka kusa Messa.

Washegari Litinin, ƙarfe bakwai, muka gangaro Mokolo babu kowa a baya. Idona yana can gaba, ina lissafin ta inda zan bi tsakanin wata motar biredi da masu baro uku, na ga hanyar tun daga nesa, tsaf. Sai na ji bugu a gaban motar, irin wanda na shekara ban ji ba.

"Ɗaga ƙafa! Mutum huɗu kika wuce! Yau Litinin ce, Uwata, sauke su matar kifin nan!"

Na taka birki. Wata mata da jaka ta biyo mu da gudu tana haki, ta kama taga ta ce, "Elig-Edzoa." Na danna ham.